Tsohon da Aka Zaunar a Falo

Aikina koyar da ɗaliban jinya, kuma duk cikin darussan da nake koyarwa babu wanda yaran nan suka raina kamar na gyambon kwanciya. Ka ce musu yau allura za a koya, sai ka ga ido ya buɗe. Ka ce karɓar haihuwa, har rige-rigen kujerun gaba suke yi. Amma da na ce za mu duba bayan majinyaci da mazaunansa, sai hamma ta tashi daga kowane lungu na ajin. Shi ya sa ba na koyar da shi a aji. Ɗakin marasa lafiya nake kwasarsu, in tsayar da su a bakin gado.

Ranar da wannan magana ta faro, wata tsohuwa mai karayar ƙugu muka juya da izininta. Na ce su duba ƙasan bayanta su gaya mini abin da suka gani. Suka leƙa, suka leƙa, wani sarkin surutu a cikinsu ya ce, "Malama, lafiya lau, babu ja ko kaɗan."

Na ce, "Ja a fatar wa? Hoton littafinku na masu hasken fata ne. Mai duhun fata in ka tsaya jiran ja, sai dai ka ga rami. Sa safar hannu ka taɓa."

Ya taɓa, ya ɗago ya dube ni. Wurin ya fi kewayensa ɗumi, ya yi tauri, ya ɗan fi duhu kamar inda aka ƙuje. Na nuna musu yadda ake danna yatsa a saki a ga ko launin zai sauya, yadda ake kawo fitila kusa, yadda ake kallon fuskar majinyaci lokacin da ake taɓawa. Na bi da su ƙeya, allon kafaɗa, gwiwar hannu, ƙugu, diddige, duk inda ƙashi ke danne nama a kan katifa. Na ce matakin farko ke nan, fata ba ta fashe ba. Na biyu ta saluɓe ko ta yi ƙunar ruwa. Na uku ya ci nama. Na huɗu kana kallon ƙashi. In kuma baƙin ɓawo ya rufe wurin, to ba ka san zurfinsa ba sai likita ya buɗe.

Da aka watse, wata ɗaliba da ƙawayenta ke kira Auta ta tsaya tana ta ninke safar hannun da ya kamata ta jefar.

Ta ce, "Malama, in mutum ba kwance yake ba fa? In zaune yake wuni?"

Na ce, "Ya fi muni. Nauyin jiki duk a kan ƙasusuwan mazaunai biyu yake taruwa. Wa ke zaune?"

Ta ce kakanta ne, mahaifin babanta, tsohon tela. Ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya gyara zama da kansa, maganarsa ma sai ka kasa kunne. Na tambaye ta ko ta duba shi. Sai ta yi ƙasa da kai ta ce a gidansu ko kusa da ƙofar banɗaki ba ta isa ta je ba in ana masa wanka.

A ƙarshen makon nan na shirya na je gidan da sunan dubiya.

Gida ne na mai hali, ba a magana. Baban Auta, wanda kowa ke ce wa Alhaji, babban ɗan kasuwa ne kuma shugaban ƙungiyar masu shaguna, don haka falonsa ba ya rabuwa da baƙi. Tun daga ƙofa za ka hango tsohon. An zaunar da shi a wata ƙatuwar kujerar fata, daidai saitin mai shigowa, cikin fararen kaya masu guga, da hula, da agogo a hannun da ba ya motsi. Duk wanda ya shigo sai ya fara durƙusawa gabansa, sannan ya juya ga Alhaji ya ce Allah Ya yi albarka, irin wannan riƙon mahaifi sai an tona. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce ai wajibi ne.

Ni ma na durƙusa na gaishe shi. Ƙamshin turare ya buge ni, a ƙarƙashinsa kuma wani wari siriri wanda hancina ya daɗe da sani.

Baba Tela ya dubi jikarsa da gefen bakinsa mai motsi ya ce, "Likitar... gidanmu. Har yau... ba ta iya zura zare a allura ba."

Auta ta ce, "Kai dai ka ji da shi, tsoho mai ran ƙarfe. Allurar da na iya ta fi taka zafi."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma ni hannunsa mai lafiya nake kallo. Ya dafa hannun kujerar yana ƙoƙarin ɗaga jikinsa ko da kaɗan ne, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, ya kasa, ya saki. Bai jima ba ya sake. Da baƙin suka ragu ya dubi ɗansa ya ce, "Ku kwantar da ni."

Alhaji ya ce, "Baba, ka daure kaɗan, akwai masu zuwa gaishe ka."

Na nemi Alhaji gefe na yi masa bayani da harshe mai laushi, ni da ba a san ni da laushin harshe ba. Na ce a riƙa kwantar da shi, a juya shi bayan kowace awa biyu, a tokare shi da matasai, zama kuma ya zama ɗan taƙaitacce. Na ce ya ba ni dama in duba bayansa.

Ya yi murmushin da manya ke yi wa wanda suka ga bai san duniya ba. "Malama, ai likita da kansa ya ce kada a bar shi kwance, kwanciya ke kashe tsoho. Kujerar nan kuwa musamman na sa aka kawo ta, katifarta ta fi ta gadona laushi. Kuma so kike a ce na ɓoye ubana a ƙuryar ɗaki kamar wanda nake jin kunyarsa?"

Na ce, "Likita cewa ya yi a riƙa motsa shi. Bai ce a dasa shi ba."

Nan fuska ta canza. Ya ce batun dubawa kuwa in yi haƙuri, mahaifinsa mutum ne mai kunya, mace ba za ta buɗe shi ba. Na ce to zan turo namiji cikin abokan aikina. Ya ce madalla, zai neme ni idan ya samu sarari.

Na shiga ciki wurin matarsa, mahaifiyar Auta, ko ita za ta ji. Mace ce mai kirki a fuska, kuma na yarda abincin tsohon ba ya makara. Ta ce, "Ni Malama ina ni ina wannan? Surukina ne fa. Ko idonsa ban taɓa iya kallo ba tunda aka kawo ni gidan nan. Direba da maigadi ke masa wanka da safe kafin a fita."

Na tambayi direban a bakin ƙofa ko ya ga wani abu a jikin Baba. Ya ce shi wallahi in suna masa wanka kawar da kai suke yi, saboda girmamawa. Su zuba ruwa, su goge da tawul, su sa masa kaya, su ɗauko shi cak zuwa kujera, shi kuma ya yi sauri ya kai yara makaranta. Ka ji fa. Ana wanke mutum kullum, amma duk gidan babu wanda ya san yadda bayansa yake.

Alhaji bai neme ni ba. Na kira, ya ce yana taro. Na sake kira, ya ce yana hanya. Labarin tsohon sai a bakin Auta nake ji, tana kawo mini shi guntu-guntu bayan darasi.

Ta ce an fara ganin danshi a bayan rigarsa in an ɗaga shi da yamma. Mahaifiyarta ta ce gumi ne, aka shimfiɗa leda a kan kujerar don kada fatarta ta lalace, aka rufe ledar da zane mai kyau. Leda kuwa ba abin da take yi sai tara gumi da fitsari a jikin fata.

Ta ce Gwaggo, ƙanwar Alhaji, ta zo daga gidan mijinta, ta ji Baba yana cewa bayansa na ci masa wuta. Ta ce sanyi ne ya kama ƙashi. Ta kawo man zafi ta ba direba, ta ce a gasa wurin da ruwan zafi sosai, a murza da ƙarfi har man ya shiga. Auta ta ce, "Gwaggo, ba a murza wurin, ba a gasawa, naman ne ke mutuwa." Gwaggo ta ce tun kafin a haifi uban Auta ake gashi a duniya, ba 'yar makarantar jiya ce za ta koya mata jinyar ubanta ba. Ta ɗauki hoto da shi a waya, ta tura wa dangi, ta koma gidanta.

Ta ce wata rana da falo ya yi shiru ta lallaɓa ta cusa masa matashi a gefe ɗaya don nauyin ya koma ɗaya ɓangaren. Babanta ya shigo ya tarar da tsohon a karkace. Ya ce wa ya mayar da mahaifinsa kamar buhun da aka jingine? Ya zare matashin, ya daidaita shi, ya gyara masa hula. Sannan ya ce mata in ya ƙara jin ta ambaci mazaunan kakanta da bakinta, za ta ga ɓacin ransa, rashin kunyar da ake koya musu a asibiti ta tsaya can.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce ya daina shan ruwa da rana. Abinci ma sai ya kawar da kai. Mutanen gidan suka ce rigimar tsufa ce. Auta ce ta matsa masa har ya gaya mata dalili. Ya ce ba ya son ya ɓata jikinsa a gaban baƙin ɗansa. Mutumin da namansa ke buƙatar abinci don ya warke, shi ne ke horar da kansa da yunwa don kada ya ba wani kunya. Ta ce ya daina tsokanarta ma, in ta ce masa tsoho mai ran ƙarfe sai dai ya bi ta da ido. Turare kuma aka ƙara yawansa.

Da na ji Alhaji ya yi tafiya, na ɗauki jakata na tafi gidan ba tare da na nemi izinin kowa ba. Na durƙusa gaban Baba Tela na ce, "Baba, ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi jika ni ma. Jikinka naka ne. Ka yarda in duba?"

Ya dube ni ya ce, "Duba, 'yata."

Na sa direba da maigadi suka kai shi ɗakinsa, muka kwantar da shi a gefe. Nishin da ya yi lokacin da nauyin ya sauka daga mazaunansa, har yau ina jin sa a kunnena. Wandon ya manne, sai da na jiƙa shi da ruwa kafin ya saki. A ɓangaren dama fata ta saluɓe, nama a fili. A hagu kuwa baƙin ɓawo ne kamar faɗin tafin hannuna, gefensa ya kumbura ya yi zafi, da na danna kaɗan sai mugunya ta ɓullo ta ƙarƙashi. Direban ya ce innalillahi, ya fita da sauri yana toshe baki. Mahaifiyar Auta tana daga bayan labule tana tambaya wai da sauƙi dai ko.

Na wanke abin da zai wanku, na rufe, na kira Alhaji a waya a gabansu. Na ce mahaifinsa na buƙatar asibiti yau ɗin nan, ba gobe ba.

Ya ce, "Wa ya ba ki izinin buɗe mini uba?"

Na ce, "Shi ya ba ni."

Sai ya sauko da murya. Ya ce ya ji, ya gode. Amma manyan ƙungiyarsu na ƙasa za su zo gaishe da Baba idan ya dawo, an riga an sa rana, ba zai yiwu su zo su tarar ba ya nan ba. Da sun tafi za a kawo shi. Ya kuma ba da umarni kada wanda ya fitar da mahaifinsa daga gidan ba ya nan. Na yi faɗa, na yi magiya, na ce jininsa zai iya harbuwa. Ya ce komai na Allah ne. Na ce haka ne, amma ba Allah ne ya shimfiɗa leda ba. Ya kashe wayar.

Baƙin sun zo, kuma an zaunar da shi. Auta ta ce jikinsa zafi rau, haƙoransa na haɗuwa, aka yafa masa bargo mai kyau a kafaɗa aka ce mura ce. Suna cikin yi wa Alhaji addu'a sai kan tsohon ya faɗo a ƙirjinsa. A motar ɗaya daga cikin baƙin aka kawo mana shi.

A ɗakin maza aka kwantar da shi, inda ɗalibaina ke aikin koyo a lokacin. Likita ya yanke mataccen naman, aka sa ƙarin ruwa da allurai masu ƙarfi. Washegari da za a wanke ciwon na tara ɗaliban kamar yadda na saba, bayan na nemi izininsa ya gyaɗa kai. Na ce wa Auta ta fita in tana so. Ta ce za ta tsaya, ta riƙe masa hannu. Sarkin surutun nan na ba ma'auni na ce ya auna tsawo da faɗi da zurfi, ya duba ko ramin ya yi kogo ta ƙarƙashin fata. Ya haska fitila, ya ga fari-farin abu a ƙasan ramin. Na ce mataki na nawa? Da ƙyar ya ce na huɗu. Ranar babu wanda ya yi hamma.

Da Alhaji ya zo da rana da kwandon kayan marmari, na tare shi na ce yau sai ya taya mu juya mahaifinsa. Ya ce ai ga ma'aikata. Na ce ma'aikata sun yi nasu, hannunsa nake so. Ya riƙe kafaɗar tsohon, na ɗaga bandejin, ya gani. Sai gumi ya karyo masa.

Baba Tela, da zazzaɓi ya gama cinye shi, ya lalubo gefen zanen gado da hannunsa mai lafiya yana ja yana son ya rufe wurin. Ya ce, "Rufe... kada a gani. Za a zage shi."

Na yi shekaru a aikin nan, na ga abubuwa, amma sai da na fita baranda na share hawaye. Ba tsiraicinsa yake rufewa ba, ɗansa yake rufa wa asiri.

Mun juya shi a kan lokaci, mun wanke, mun ciyar da shi da cokali. Jinin ya riga ya harbu, jikin kuma yunwa ta riga ta rarake shi. Wata safiya ana cikin canza masa zanen gado ya cika, Auta na riƙe da kansa.

Na je gaisuwar rasuwa. Ɓangaren mata cike yake, na samu gefe na zauna, ba wanda ya san ni sai mutanen gidan. Gwaggo ce a tsakiya, ido ya kumbura, tana ba da labari. Ta ce lafiyarsa lau a gida, kowa shaida ne, kullum fes da shi a falo, ga hotuna a waya. 'Yar mura ce ta kama shi aka kai shi asibiti. Can suka bar shi kwance ba mai juya shi, suka sakar masa yara 'yan koyo, har bayansa ya ruɓe. Mata suka ɗauki salati. Wata ta ce ai ma'aikatan jinyar yanzu ba imani, wata ta ce Alhaji dai ya yi iya yinsa, Allah Ya ba shi lada. Mahaifiyar Auta tana zaune tana kallon tabarma. Wato mu da muka kwashe mugunyar da hannunmu, mu aka shafa wa kashin kaji.

Na buɗe baki ke nan sai Auta ta shigo da tiren ruwa. Gwaggo ta ce, "Yauwa, ga ta nan, ita a can take. Auta, ba haka aka yi ba?"

Yarinyar ta ajiye tiren a hankali. Ta dubi mahaifiyarta, ta dubi gwaggonta, ta ce, "Da ciwon ya je asibiti, Gwaggo. A falon nan ya same shi. Ya yi ta cewa a kwantar da shi, aka ƙi."

Sai wata dattijuwa ta jawo ta jikinta tana bubbuga bayanta, ta ce, "Ku ƙyale ta, yarinya ce, mutuwar ce ta ruɗa ta. Sun shaƙu da kakan nata." Kowa ya ce Allah sarki. Aka miƙa mata ruwa cikin wanda ta kawo, aka ce ta shiga ɗaki ta huta. Gwaggo ta gyara mayafi ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Na tashi na nemi takalmana. Ta tagar falo na hango Alhaji a tsakiyar maza, kansa a sunkuye, ana layi ana riƙe hannunsa ana cewa kowa ya samu ɗa irinsa ya gode wa Allah. Shi kaɗai ne a wurin ya ga ramin da idonsa, ya kuma ji abin da tsohon ya ce. Na tsaya ko zai ɗago ya ce wani abu. Amin kawai yake cewa.